Malama Shatu da Kundayen Bayan Kanta

Shatu Hamma ba ta taɓa iya ɓoye raini ba. Tun tana yarinya a rugarsu da ke gabas da Gwiwa, idan babba ya faɗi maganar da ba ta gamsar da ita ba, ba ta yi masa musu, sai dai ta taɓe baki ta kalli gefe, kuma wannan taɓe bakin ya fi zagi ciwo. Ta sha duka a kansa wajen innarta, bai hana ba. Mahaifinta, Hamma, shi ne ya ce a ƙyale ta, kuma shi ne ya kai ta firamare da ƙafarsa. Ba son boko ne ya sa shi ba. Ya gaji ne da sayen maganin shanu a kasuwa ana karanta masa abin da ba shi ke jikin kwalba ba, yana son a samu mutum ɗaya a gidan da ba za a yi wa ƙarya da takarda ba.

Abin ya yi nisan da bai zata ba. Daga firamare ta wuce sakandare, daga nan ta yi difloma a fannin kula da laburare. A shekarar 1996 ta kama aiki a wata kwalejin noma da koyarwa da wasu attajirai suka haɗu suka kafa a wajen garin Kazaure. A shekarar ne kuma ta auri Muhammadu Lawal, mai gyaran injin ban-ruwa, mutum mai sanyin hali wanda ya gano tun da wuri cewa idan matarsa ta taɓe baki, abin da ya fi shi ne ya tashi ya je ya duba awakinsa.

Shekara ashirin da shida ta yi a laburaren nan, kuma ba za a ce ana ƙaunarta ba. Ɗalibai suna ce mata Mama a gabanta, a bayanta kuwa suna ce mata Mai Makulli. Ita ma ba ta ɗauke su a bakin komai ba. Ta san lokacin zuwansu: mako biyu kafin jarrabawa, sai ga su sun cika kujeru, rabinsu don fanka suka zo, rabin don su sa waya a caji. Wanda ya ɗauki littafi kuwa sai ta bi shi da ido har ya mayar, domin ta san masu yage shafi da reza. Malamai sun fi ɗaliban ba ta haushi. Akwai wanda ya shekara goma yana koyarwa bai taɓa tsallake ƙofar laburare ba, sai ranar da masu tantance kwasa-kwasai za su zo. Ranar nan za ka gan shi da babbar riga yana shafa kantoci, yana nuna wa baƙi littattafai kamar shi ya rubuta su.

Ta kuma ga zuwan zamani iri-iri. An kawo kwamfutoci goma sha biyu, aka yi taro, aka sha lemo, sannan aka lulluɓe su da ƙyalle don kada ƙura ta ɓata su, suka mutu a lulluɓe. An kafa wani faranti a kan rufi aka ce da shi za a riƙa jawo ilmin duniya, ya yi aiki wata huɗu, daga baya tattabaru suka gaje shi. Saboda haka lokacin da Dakta Muhsin, mataimakin shugaban kwaleji mai kula da harkar karatu, ya dawo daga wani taron ƙara wa juna sani a Abuja cikin daminar 2022 ya kira taron ma'aikata, Malama Shatu ta je ne da carbinta, ta zauna a layin baya kusa da taga.

Dakta Muhsin mutum ne mai son jin muryarsa. Ya zo kwalejin yana ƙaramin malami, ya hau da sauri, kuma duk hawan da ya yi sai maganarsa ta ƙara tsawo. Ran nan ya dawo da sabuwar kalma: buɗaɗɗen ilmi. Ya ce duniya ta canja. Ya ce manyan mujallun bincike da a da sai mai hali ke iya karantawa, yanzu an buɗe su kyauta a intanet, kowa da wayarsa zai iya saukewa. Ya ɗaga tasa wayar sama ya juya ta dama da hagu.

"Abin da ke cikin wannan," in ji shi, "ya fi abin da ke cikin wancan ginin sau miliyan. Laburare irin namu ya zama maƙabartar takarda. Mun yanke shawara za a raba zauren biyu, rabi ya zama ɗakin jarrabawa ta kwamfuta. Tsofaffin kundayen furojet na ɗalibai da suka cinye bayan kanta kuma a kwashe su a kai sito."

Aka tafa. Malama Shatu ta ɗaga hannu. Da ma an san za ta ɗaga.

"Ranka ya daɗe, ka ce komai yana cikin wayar?"

"Komai, Malama."

"To, a taimaka a buɗo mini zurfin rijiyoyin ƙasar Roni a shekarar casa'in da tara. Ƙauye-ƙauye nake so."

Ya yi murmushi irin na wanda ke lallashin tsohuwa, ya fara latse-latse. Ya latsa, ya jira, ya ɗaga wayar wajen taga yana neman sabis. Aka fara tari a layin tsakiya. Can ya ce irin wannan ƙaramin bayani ba shi ne ilmin da ake magana a kai ba.

"Yana bayan kanta," in ji ta. "Kundi na ɗari biyu da sha bakwai, mai koren bango. Yarinya ce ta bi rijiya tamanin da igiya ta auna."

Wani ya fashe da dariya ya mayar da ita atishawa. Dakta Muhsin ya sha mur ya ce, "Malama, da girmanki, amma zamani ya wuce ki." Ita kuwa ta taɓe baki ta kalli taga.

Bai hana komai ba. Cikin mako guda leburori suka kwashe kundaye sama da dubu huɗu a baro, suka jibge su a tsohon sito da ke bayan ɗakin janareta, inda rufi ke yoyo ta kusurwa biyu. Ba wai Malama Shatu tana ganin darajar dukkansu ba ne. Ta fi kowa sanin cewa yawancinsu shirme ne, na bana ya kwafe na bara, na bara ya kwafe na bara waccan, sunan ƙauye kawai ake canjawa. Amma ta san a cikin tarin akwai na gaske, waɗanda yara suka ci rana suka yi, kuma babu kwafinsu a ko'ina a duniya sai nan.

Malam Zaharadeen, jami'in kwamfuta na kwalejin, shi ya same ta a sito tana ɗora kundaye a kan bulo don kada ruwa ya kai gare su. Mutum ne ɗan shekara arba'in da 'yan kai, wanda aka ɗauka don ya kula da na'urorin da ba sa aiki, har zaman banza ya sa masa ƙiba.

"Hajiya," ya ce, "kin san Dakta rabin karatun ya ɗauko a Abuja? Abin nan da yake faɗa ba saukewa kaɗai ba ne. Har da ɗorawa. Kowace makaranta tana buɗe rumbu a intanet ta zuba binciken da aka yi a cikinta, kowa ya gani. Akwai sikana, na'urar ɗaukar hoton takarda, sabuwa fil a ofishina, tun ta tantancewar da ta wuce, ko kwalinta ba a yage ba."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Wato in ɗauki wahalar 'ya'yan mutane in baje wa malalata a faifai? Yanzu ma da sai sun zo sun tsaya a gabana suna kwafa, ina ga an kai musu har kan katifa?"

Ya ce shi dai ya faɗa. Ta ce ta ji.

Abin da ya juya ta ya zo ne bayan kwana goma, a kan babur, sanye da rigar ruwa. Malam Daudu ne, malamin gona a Babura, wanda ya gama kwalejin a 2009. Ta gane shi tun kafin ya cire hular kwano, domin yana cikin 'yan kaɗan da suke zama a laburare har a tashe su. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce ambaliya ta ci ɗakinsa da duk takardunsa. Ya zo neman kundinsa ne. A lokacin karatunsa ya yi wata tara yana zuwa karar shanu ta Babura duk ranar kasuwa, yana duba kaska a jikin dabbobin da ake shigowa da su daga Nijar, yana rubuta irinta da watan da take yawa. Bana kaskar ta dawo da ƙarfi, makiyaya suna ta tambayarsa, shi kuma alƙaluman sun ɓace masa.

Suka shiga sito tare. Sai da suka yi awa biyu suna ɗaga tari kafin ta zaro shi. Gefensa ya sha ruwa ya kumbura, gara ta fara cin bangon baya. Daudu ya karɓa da hannu biyu, ya buɗe a hankali, yana busa shafukan da suka manne. A shafin farko akwai jan biro na malamin da ya duba aikin: maki na tsaka-tsaki, da kalma biyu, "Akwai rauni." Ƙarƙashinsu sa hannun Muhsin, tun kafin ya zama Dakta.

Malama Shatu ta daɗe tana kallon wannan sa hannun. Akwai abin da ta sani, wanda ba ta taɓa gaya wa kowa ba, har mijinta. Doka ce duk malamin da ya wallafa maƙala ya kawo kwafi laburare, kuma ita, saboda rashin abin yi da kuma son ganin ƙwaƙwaf, tana karanta su duka. Tun 2016 ta karanta wata maƙalar da Dakta Muhsin ya wallafa a mujallar ƙasar waje a kan kaskar shanu a kasuwar kan iyaka, ta kuma gane inda ta fito. A lokacin ta taɓe baki ne kawai ta jefa ta a fayil.

Washegari ta je ofishin Zaharadeen ta ce, "Yage kwalin."

Takardar neman izini ita ta rubuta ta da kanta, kuma ta rubuta ta da kalmomin Dakta Muhsin. Ta sa buɗaɗɗen ilmi sau biyar. Ta sa tafiya da zamani, ta sa hangen nesan shugabanni. Da ta kai masa, ya karanta sakin layi na farko, fuskarsa ta washe.

"Alhamdu lillahi, Malama, kin dawo hanya! Ai da ma na san za ki fahimta."

"Da sannu muke fahimta, ranka ya daɗe. Tsufa ne."

Ya sa hannu, ya buga hatimi, ya ƙara da nasa rubutun a ƙasa cewa a ɗora dukkan kundayen ba tare da togiya ba. Har ya kira wani ya ɗauke su hoto yana miƙa mata takardar.

Aikin ya ci wata goma sha ɗaya. Da safe, idan akwai wuta, ta warware ɗinkin kundi, ta goge shafuka, Zaharadeen ya bi su da sikana, ita kuma ta rubuta sunan ɗalibi, da garinsu, da shekara, da sunan malamin da ya duba. Idan babu wuta sai su zauna suna shanya waɗanda suka jiƙe a kan tabarma a baranda. Bayanta ya riƙa ciwo, ƙurar tsohuwar takarda ta sa mata tarin da ya ƙi jin magani. Babu malami ɗaya da ya leƙo ya ce sannu. Tana aikin tana sharhi. Wannan, in ji ta, ko sunan kansa bai iya rubutawa ba. Wannan ya ce ya yi hira da manoma ɗari uku a Achilafiya cikin yini ɗaya, sai ka ce a masallacin Idi ya tare su. Wata rana Zaharadeen ya gaji ya ce ko za su tsallake marasa kyaun, don kada a yi wa kwaleji dariya.

"Buɗaɗɗe aka ce," in ji ta. "Wanda ya yi abin dariya a yi masa."

Amma idan ta ci karo da na gaske, sai bakinta ya mutu. Akwai na wata ɗaliba da ta tattara sunayen ciyayi arba'in da makiyayan Gwiwa ke ba shanu, da Hausa da Fulatanci, har da waɗanda Shatu ta manta tun barinta ruga. Wannan ta karanta shi sau biyu kafin ta miƙa.

Da rumbun ya fara aiki, abin ya ba ta mamaki, ko da yake ba ta nuna ba. Zaharadeen yana nuna mata a allo: an sauke kaza daga Kano, kaza daga Damagaram, wani daga ƙasar da ba ta taɓa jin sunanta ba. Wani likitan dabbobi daga Maraɗi ya rubuto yana godiya. Dakta Muhsin kuwa ya ɗauki abin ya yi rawani da shi. Ya je taro biyu ya gabatar da jawabi a kan yadda ya kawo juyin juya hali a ƙaramar kwaleji. A hotunan da ya nuna har da na ranar miƙa takarda, an yanke Malama Shatu, hannunta kaɗai ya rage.

A lokacin yana neman ƙarin girma, an aika maƙalunsa waje ga masu tantancewa. Ɗaya daga cikinsu ya sa su a na'urar da ke gano kwafe. A da na'urar ba ta da inda za ta ga kundin wani Daudu na Babura, domin yana bayan kanta yana shan ƙura. Yanzu kuwa yana sarari. Wasiƙar da ta dawo gajeriya ce. Maƙalar 2016 da kundin 2009 abu ɗaya ne, jimla da jimla. Har wani kuskuren haɗa lamba da Daudu ya yi a jadawali na huɗu, yana nan daram a maƙalar Dakta. Kafin wata ya ƙare aka gano wasu malamai shida da irin wannan ciwon.

Ranar wata Talata da hantsi aka kira ta. Ta tarar da Dakta Muhsin shi kaɗai, ya kashe fanka, ya rufe ƙofa, ya ma tashi ya jawo mata kujera.

"Hajiya, akwai 'yar matsala game da rumbun nan. Mun yi gaggawa. Akwai batun haƙƙin mallaka, akwai sirrin makaranta. Ba kowane abu ake baje wa duniya ba."

"Ikon Allah," in ji ta. "Ni da aka ce zamani ya wuce ni, ashe yana dawowa."

"Ba wasa nake yi ba. A rufe shi yau."

Ta buɗe jakarta ta fito da kwafin takardar izini, ta shimfiɗa a teburinsa, ta ɗora yatsa a kan rubutunsa. "Ba tare da togiya ba. Hannunka ne, ranka ya daɗe, ko shi ma na wani ne?"

Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Da ya sake magana muryar ta sauka, ta zama ta wani mutum daban.

"Kin sani tun farko."

"Tun ranar da ka kawo mini maƙalar da hannunka."

"Don me ba ki zo kin same ni ba? Hajiya, ke uwa ce. Ina da iyali. Ki rufa mini asiri, Allah ya rufa miki."

Nan ta ji wani abu ya ɗan motsa a ranta, domin ba dutse ba ce, kuma ta san matarsa, sun sha haɗuwa a gidan suna. Ta kuma san cewa ba tsantsar kishin ilmi ne ya sa ta yage kwalin sikana ba. Akwai haushin ranar taro a ciki, kuma ba kaɗan ba. Amma sai ta tuna jan biron nan.

"Da ka ɗauka ka yi shiru, da wataƙila na ji tausayinka," ta ce. "Amma yaron nan wata tara yana tsugunne a ƙarƙashin shanu. Ka rubuta masa akwai rauni. Sannan ka ɗauki raunin ka kai ƙasar waje da sunanka. Ni ban tona maka asiri ba. Kundi na ɗora, kamar yadda ka umarta."

Ta tashi, ta mayar da kujerar inda take, ta fita.

Abin da ya biyo baya bai ba ta mamaki ba ko kaɗan. Aka kafa kwamiti, kuma uku daga cikin 'yan kwamitin suna cikin mutum bakwai ɗin nan. Kwamiti ya zauna sau huɗu, ya ci kaji, ya gano cewa babbar matsalar ita ce an ɗora kundaye ba tare da bin ƙa'ida ba. Aka rufe rumbun, aka rubuta a shafinsa cewa ana gyara. Dakta Muhsin aka ce ya jira shekara ɗaya kafin ya sake nema. Malama Shatu kuma aka gode mata bisa doguwar hidima, aka mayar da ita ofishin rajista, inda aikinta shi ne buga hatimi a takardar shaidar ɗalibai. Da ta karanta takardar canjin, sai ta tambayi wanda ya kawo ko su ma hatiman akwai sirrin makaranta a cikinsu.

Zaharadeen ya same ta a can yana dariya ƙasa-ƙasa. Ya ce su dai sun rufe ƙofa ne bayan kowa ya fita. Manyan rumbunan waje sun riga sun kwashi komai, mutane sun sauke, ba mai iya kiran abin ya dawo. Ya kuma ajiye mata wani ɗan ƙaramin abin ajiyar bayanan kwamfuta a tebur, ya ce duka dubu huɗun suna ciki, ta adana.

Daudu ma ya zo da ya ji labari. Ta zaci zai zo da fushi, ta ma shirya masa yadda zai rubuta ƙara. Sai ya zauna yana ta girgiza kai yana murmushi.

"Mama, wato aikina har ƙasar waje ya je? Ni fa tun ranar da na ga makin nan na ɗauka ba ni da kan bincike. Shi ya sa ban ƙara neman karatu ba."

Wannan maganar ta fi komai tsaya mata a rai. Daga baya ta ce masa shekara arba'in ba tsufa ba ne, ya je ya sayi fom. Ya ce zai duba. Bai rubuta ƙarar ba, ya ce shi da malaminsa ko Allah ya isa ma ba zai yi ba. Ta taɓe baki, amma ba ta matsa ba.

Wata takwas ta yi a rajista ta ajiye aiki. Ta ce wuyan hannunta ya gaji. Ba a yi mata walima ba, ita ma ba ta nema ba. Ta koma gida a Kazaure, tana kiwon tumaki a bayan gida, tana zuwa Gwiwa duk ranar kasuwa ta ga 'yan'uwa.

Sai dai hutun bai samu yadda ta so ba. Ɗalibai suka gano gidan. Ta farko wata matar aure ce mai shirin rubuta kundi, ta zo da wayarta cike da maƙala arba'in da ta sauke kyauta, ta rasa ta inda za ta fara. Malama Shatu ta sa tabarau ta bi su ɗaya bayan ɗaya a tsakar gida. Wannan mujallar, in ji ta, ko akuya ta aika mata rubutu za ta buga. Wannan marubucin bai taɓa ganin gero a gona ba. Wannan kwafen wancan ne. Ta zubar da talatin da uku, ta bar mata bakwai, ta ce ta je ta karanta su ta dawo ta faɗi abin da ta gane, ba abin da suka ce ba. Matar ta fita tana ƙunƙuni, amma ta dawo, kuma ta zo da ƙawayenta biyu. Muhammadu Lawal ya ce ashe laburaren ne ya biyo ta gida. Ta ce ba laburare ba ne, asibitin malalata ne, ya ƙara mata benci ɗaya.

A kwaleji kuwa an raba zauren kamar yadda aka tsara. Sabon ma'aikacin da aka sa a gurbinta yana da digiri biyu, kuma yakan kira ta a waya ya gaishe ta da ladabi, sannan ya tambaye ta inda kaza yake. Tana gaya masa, bayan ta gama gaya masa ra'ayinta game da digirin nasa.

Bayan shekara biyu aka sake buɗe rumbun da sabon suna. Dakta Muhsin, wanda ya samu ƙarin girmansa a zagaye na biyu da wasu maƙalun, shi ya yi jawabin buɗewa. Zaharadeen ya turo mata adireshin. Ta zauna a inuwar darbejiya ta bi jerin a wayarta, shekara bayan shekara, yini biyu tana yi. Komai yana nan, har shirmen da ta yi ta zagi. Kundi bakwai ne kawai babu, waɗanda malaman nan suka kwafa.

Ba ta rubuta wa kowa takarda ba. Ta dai gaya wa masu zuwa gidanta cewa akwai wasu kundaye bakwai da kwaleji ta ga sun fi ƙarfin jama'a, duk mai so ya kawo wayarsa. Labari ya bazu har Roni da Babura. Yanzu a cikin dubu huɗun nan babu waɗanda ake nema kamar su, har da mutanen da ba ruwansu da kaska ko takin zamani. Tana tura wa kowa, da sharaɗi ɗaya: sai ka faɗi sunan ɗalibin da ya rubuta, da bakinka, ta ji. Wanda ya yi tuntuɓe a sunan sai ta ce ya koma ƙarshen benci ya sake shiri.